Sauran ai kwali ne

Laraba da dare

Sai yanzu yara suka yi barci na samu na zauna. Da a ce da azahar na rubuta wannan, da hoton furanni kawai zan ɗora muku in ce ku taya ni murna, don safiyar yau ta yi mini daɗi ƙwarai.

Sanyi ya sauka sosai, Dutsen Dala ma ba a hango shi daga samanmu saboda hazo. Kun dai san hunturu lokacina ne. Da damina takarda laushi take yi, kati ya lanƙwashe tun kafin a sa shi a ambulan, farin gam ya yini bai bushe ba. Yanzu kuwa kana mannawa yana kamawa. Abin da ke damuna ƙura ce da kaushin hannu. In ban shafa mai ba yatsuna su riƙa kama takardar, in na shafa kuma ya bar tabo a jikin fara, tabon mai kuwa ba ya fita. Shi ya sa nake shafawa tun asuba in bari ya shige, sannan in wanke kan yatsun da sabulu kafin in taɓa komai.

Aikin Maman 'yan biyu nake kai, furen wardi na takarda guda 40 na kamun ƙanwarta ranar Asabar, ja 25, fari 15. An ɗauke wuta tun ƙarfe 9, bindigar gam ta tashi daga aiki, sai na kunna kyandir ina ɗan gasa bakin sandar gam ina dangwalawa. Ya fi cin lokaci, kuma in ba a kula ba hayaƙi ya baƙanta gam ɗin, amma dai aiki na tafiya. Kafin kiran azahar na haɗa 19.

Auta ta taya ni yanka, ta yanke mini kunnuwan fure kusan 30 a kwance. Takardar kirif, mai tamoji da nake furen da ita, jijiyoyi gare ta, layi-layi a jere, dole jijiyar ta taso daga gindin kunne zuwa samansa. Ta haka ne in ka sa manyan yatsu biyu a tsakiya ka ja gefe da gefe zai buɗe ya yi ƙoƙo kamar cokali, sannan ka naɗe bakinsa da tsinken tsire. In aka yanka a kwance sai ya yi tsawo ya langaɓe. Ban yi mata faɗa ba, ni ma da haka na fara, duk da cewa takardar mai kaurin ce 'yar Italiya mai giram 180, wadda sai na zaga Sabon Gari nake samu, kuɗinta kuma ya sake hawa. Na tara su a gwangwani, za su yi ciko a tsakiyar fure inda ido ba ya kaiwa.

Bayan azahar na hau adaidaita na tafi duba Goggo. Tarin nan ya sake taso mata. Na kai mata zuma da citta.

Na same ta a ɗaki ta lulluɓa da bargo, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi Baban yara da kasuwa, ta ce in hau gado ƙasa da sanyi. Ina zama idona ya kai kan tagar da ke saitin kanta. Tagar nan ta katako ba ta rufuwa daidai tun da daɗewa, akwai wata kafa daga gefe da iska ke shigowa. Sai na ga an toshe kafar da wani kwali ruwan madara, an ninke shi gida huɗu an tura. Bakinsa ya ɗan leƙo waje, a jikinsa kuma akwai rabin dagi da ruwan gwal.

Nan take na gane shi. Hannuna ne.

Waɗanda suke tare da ni tun bayan Babbar Sallah za su tuna katin sannu da dawowa da na yi wa Goggo lokacin da ta dawo daga Makka. Dare uku na yi a kansa. Ban yi mata wardi ba, don wardi na kowa ne. Furen kuɓewa na yi mata, saboda tun ina yarinya ba daminar da Goggo ba ta shuka kuɓewa a bayan ɗakinta, ita ce ma ta fara nuna mini cewa furen da safe yake buɗewa, kafin yamma ya rufe, shi ke nan kwanansa ya ƙare. Na ce bari in yi mata wanda ba zai rufe ba. Kunnuwa biyar, ruwan ɗorawa mai haske, gindin kowanne na rina shi da ruwan zoɓo mai kauri har sau uku kafin ya ba ni wannan ja mai duhu na tsakiya. Sau biyu ina lalatawa ina sakewa. Kwalin kuma mai giram 250 ne, na ja layin ninki da rula da mataccen biro don kada ya tsage, na zagaye gefensa da ƙananan dagi, kowanne da hannu.

Na ɗan jima ban ce komai ba. Ita kuwa ta ga inda nake kallo.

"Iskar nan ce ke hana ni barci, 'yar nan," in ji ta. "Na rasa abin toshewa, sai na tuna da kwalinki. Ƙarfi gare shi, tun da na sa ko motsi bai yi ba."

Na ce, "Goggo, katin da na yi miki ne fa."

Ta ce, "Na sani mana. Miƙo mini gafakar can."

Na miƙa mata. Ta warware igiyar a hankali, ta ɗaga marfin, ta zaro wata farar takarda daga bayan bangon Alƙur'anin ta nuna mini. Rubutuna ne, addu'ar da na yi mata, Allah ya karɓi ibada, ya sa aikin ya zama karɓaɓɓe, ya maimaita mata. Ko ƙura babu a jiki. Ta ɓamɓare ta da kyau har gefen bai yage ba.

"Kin gani? Ga maganarki nan na adana. Mai sunan Allah ai ba a barin ta a ƙasa. Duk ranar da na buɗe sai na gan ta in ce amin."

"To furen fa, Goggo?"

"Jikoki suka yi ta kuka a kansa, na cire na ba su. Sun yi wasa da shi kwana biyu." Ta mai da takardar, ta ɗaure gafaka. "Sauran ai kwali ne."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Yadda za ta ce ruwa ya tafasa, haka ta faɗe shi, ta ci gaba da ba ni labarin maƙwabciyarta da ta haihu. Na yi ta amsawa da to, to, amma kunnena yana can wajen maganar. Har na yi mata sallama, ta sa mini albarka, ta ƙulla mini kuka da daddawa a leda, har na fito titi, kalmomin nan huɗu suna bina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ni da inda zan kama ta da laifi. Ni na tsara katin haka. Tun da na fara wannan sana'a ban taɓa rubuta sunan Allah ko aya a jikin kwali kai tsaye ba. A wata farar takarda daban nake rubutawa, in manna ta da ɗigon gam huɗu kawai a kusurwoyi, don na san inda katin biki da na suna yake ƙarewa. Kowa ya ga katunan ɗaurin aure a ƙofar masallaci bayan an watse, da Bismilla a samansu, ana bi ta kai. Sau nawa na faɗa muku a nan, na faɗa wa 'yan matan da ke zuwa koyo ranar Lahadi, ku raba rubutu da ado yadda mai kati zai iya cire addu'ar ya adana ko ya ƙona, in ya so ya yar da sauran. Da bakina nake cewa sauran. Yau Goggo ta yi daidai yadda na koyar, sai ga shi ƙirjina ya yi nauyi.

Wato a can ƙasan zuciyata ban taɓa yarda za a yi wa nawa haka ba. Ba na Goggo ba dai.

A cikin adaidaita na yi ta tuna wani abu. A ɗakin nan dai, a bangon da ke fuskantar tagar, allon zayyanar Yaya Babba yana rataye tun saukarsa, an naɗe shi a farar leda. Fiye da shekara ashirin ke nan. Na san shi sarai, don shi ne abu na farko da ya sa na fara son zane. Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, an kewaye su da gidaje-gidaje na ja da kore da ruwan ɗorawa, layuka suna shiga juna suna fita ba ka ganin inda suka faro. Baƙar tawadar ta gawayi da ƙaro ce, da alƙalamin kara aka ja ta. Ina tuna ranar da aka zaga da shi gidajen dangi yana karantawa ana ba shi kyauta. Har gobe in ka shiga Kurmi, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, za ka tarar da masu alluna da masu gafaka. Ba wanda zai dubi allon nan ya ce sauran katako ne. Goggo kanta in yaro ya miƙa hannu zai taɓa sai ta daka masa tsawa. Ke nan ba ado ne ba ta gani ba. A allo adon ya rungumi ayar, ba yadda za a yi ka cire ɗaya ka bar ɗaya. Ni kuwa da hannuna na sa ɗigon gam huɗu tsakaninsu.

Kuma har yanzu ina ganin daidai nake yi. Ba zan koma rubuta sunan Allah a kwalin da na san wata rana zai iya zama abin kwasar shara ba. Wannan ba ya cikin abin da nake tunanin canzawa. Kawai dai dare ukun nan ne suke mini ciwo, da ruwan zoɓon da na yi ta gwadawa, da yadda na zauna da furen kuɓewa na gaske a ƙaramin faranti ina ƙirga jijiyoyinsa kafin ya yanƙwane. Na so a ce ko sau ɗaya ta ce ta gane kuɓewarta ce. Ban tambaye ta ba, kunya ta hana ni. Yaya za ka tsare tsohuwa mai tari da tambayar fure?

Na ba Baban yara labari bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce, "Ke da kika yi don ta ji daɗi, ga shi yana tare mata iska, jikoki sun yi wasa, addu'a tana cikin gafaka. Me ya tafi a banza?" Na ce ba komai. Ya ce to. Na san gaskiya ya faɗa, amma ba ita nake son ji a daren nan ba. So nake wani ya ce mini furen ya yi kyau.

Tuwo ya ɗan yi ruwa, yara dai sun cinye.

Wuta ta dawo ƙarfe 8 da rabi, ta sake tafiya kafin 10.

Wata baiwar Allah ta turo saƙo ta WhatsApp tana son kati 12 na walimar sauka, ta ce a rubuta aya a gaba da ruwan gwal, manya-manya. Na ba ta amsa yadda na saba, ayar za ta zo a takarda daban daga ciki, gaban kuma zan yi mata zanen zayyana. Na daɗe ina kallon saƙon kafin in tura. Ta ce ba damuwa.

Ban zaro kwalin daga tagar ba, ko da Goggo ta fita alwala ta bar ni ni kaɗai a ɗakin. Na dai tashi na taɓa shi. Ya yi sanyi, ƙura ta cika ninkin, dagi biyu sun kankare. Da na cire, iskar asuba a ƙirjinta za ta sauka. Na roƙi Baban yara ya tura kafinta ranar Jumma'a ya gyara mata tagar gaba ɗaya, ya ce zai tura. Har na buɗe baki zan ce a ce wa kafintan ya taho mini da kwalin, sai na fasa. Wataƙila gobe in faɗa.

Saura wardi 21, fararen duka suna ciki, su kuma ba sa son hayaƙin kyandir. Allah ya sa a kawo wuta da safe.