Megabayit ɗaya da ya cinye mini kwana uku

Har yanzu in na ga lamba 413, wato amsar da shafin intanet ke bayarwa in abin da aka ɗora ya yi masa girma, sai gabana ya faɗi.

Wata makarantar kuɗi ce a nan Sakkwato ta ba ni aikin shafin ɗaukar sababbin ɗalibai. Na raba manhajar cikin kwantena uku, wato ƙunshi uku kowanne na aikinsa shi kaɗai, a kan Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da kwantenonin, na tsayar da Nginx, wata manhaja mai gadi, a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ta tashar 443, mashigar shafuka masu tsaro, shi ke tarbarsa ya miƙa shi ciki. Takardar tsaron shafin, wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa, ta hau lafiya lau. Na gwada ɗora hoto, ya wuce. Sai dai ɗan fasfo ne na gwada da shi, ko kilobayit 200 bai kai ba.

Ranar da aka buɗe shafin, kafin azahar wani mai shagon intanet ya kira ni: "Injiniya, wanga abu naku ya ƙiya. An cike fom, amma da an zo ɗora sakamako sai shi tsaya shina ta juyi."

Da waya iyaye ke ɗaukar takardun, hoto guda megabayit uku ko huɗu. Nginx kuwa, in ba ka taɓa shi ba, iyakarsa megabayit 1 ce. Abin da ya haura haka daga ƙofa yake korarsa da 413, ko ƙyallin kwantena ba ya gani. Shafina kuma ban koya masa nuna wannan amsar ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kwana ukun da na yi ina tonon log ɗin manhajar, wato kundin da take rubuta abin da ya faru. Fes yake. To ina za ta rubuta abin da bai iso gare ta ba? Na zargi sabis, na zargi rumbun bayanai, har kwantena biyu na ƙara a banza. Sai daren na uku na leƙa log ɗin Nginx, ga ƙorafin jere reras. Layi ɗaya na rubuta, proxy-body-size, wato saitin iyakar girman abin da za a ɗora, na mai da shi 10m, megabayit goma ke nan, komai ya wuce.

Don Allah in za ka gwada, ari wayar maƙwabcinka ka ɗauki takarda ta gaske. In abu ya tsaya kuma, fara da log ɗin mai gadin ƙofa.

Akwai wani dattijo da ya zo daga Bodinga sau biyu a cikin kwanakin nan namu, takardun ɗiyarsa a leda. Da na ba shi haƙuri, cewa kawai ya yi, "Ba komai, ɗana." Kuɗin motarsa ya ƙi karɓa.