Yadda na buɗe wa zafin saman silin hanyar fita

A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Tsakanin kwano da silin kuwa yakan kai 60, kuma shi ne ke saukowa ɗaki da dare, fanka na juyawa amma iska mai zafi take kaɗowa. Magina da yawa na toshe wurin ruf don gudun jemage, zafin ya rasa mafita.

Lissafin da na bi shi ne murabba'in ƙafa 1 na kafar iska ga kowane murabba'in ƙafa 150 na silin. Gida mai ƙafa 30 da 40 yana bukatar murabba'in ƙafa 8: rabi a ƙasa, rabi a sama. Wannan rabon shi ne ginshiƙin aikin. Iska mai zafi sama take tashi, amma ba za ta fita ba sai wata ta shigo daga ƙasa ta maye gurbinta. Wanda ya huda sama kaɗai, ya kashe kuɗi ne zafi na nan.

A ƙasa, kafinta ya yanka ƙananan tagogi a allon da ke ƙarƙashin bakin kwano, a jere, gaba da baya. A sama, birkila ya cire bulo huɗu-huɗu a ƙololuwar bangon kudu da na arewa, ya sa bulo mai huji wanda bakinsa ya karkata ƙasa. Bangon gabas na bar shi a rufe, domin daga can hadari ke taso mana da iska da ƙura, ruwa ya feso ciki ya jiƙa silin har ya yi tabo ya lotsa.

Raga fa sai an kula. Ta sauro ba ta dace ba, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta. Ragar waya mai ido kwatan inci na sa, tana tare jemage da tsuntsu. Da yake raga da bulo suna cin kusan rabin kafar, sai na ninka faɗin hujin.

A hau sama bayan sallar asuba, kafin kwano ya ɗauki wuta. A kashe lantarki tukuna, a taka katako kawai, kada a taka silin. Ƙofar hawa silin ma a rufe ta da kyau, in ba haka ba sanyin ɗaki ta can zai tsere. Idan hunturu ya wuce, a kakkaɓe ragar da buroshi kafin bazara ta shigo.