Kwana shida a Berlin, ina bin sawun Brecht

Ko gajiyar hanya ban gama warwarewa ba, amma gara in rubuta tun da zafinsa. Na daɗe ina koyar da wasan kwaikwayo, ina ambaton Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Jamus, a aji kamar ɗan unguwarmu, sai bana Allah ya nufa na taka Berlin.

Kwana na biyu aka ci ni tarar Yuro 60. Na sayi tikitin jirgin cikin gari, ban san sai an cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci ba. Na ce wa mai dubawa ni baƙo ne, ko ɗaga kai bai yi ba, sai rubutu yake. A gida da tuni fasinjoji sun sa baki da "a yi haƙuri". Nan kowa ya kafe idonsa a waya. Da na lissafa kuɗin da naira sai da na nemi wurin zama.

Wanda ya wanke min zuciya wani direban tasi ne ɗan zangon Kumasi da muka haɗu a masallacin Juma'a. "Malam, ba ka kwana da burodi ina garin nan," in ji shi. Tuwon zafi da miyar ayoyo, har da ƙari.

Gidan Brecht na ƙarshe yana lamba 125 a titin Chausseestrasse, tagarsa na kallon maƙabartar da aka binne shi a 1956. Kabarin ya ba ni mamaki: dutse ne kawai ba a sassaƙa ba, da suna a jiki, na matarsa Helene Weigel a gefe. Mutumin nan ya tsere daga Jamus ranar 28 ga Fabrairu 1933, kashegarin gobarar majalisar dokokin ƙasar a farkon mulkin Hitler, ya bi Denmak, Suwidin, Finlan, ya ratsa Rasha har Amurka. A Suwidin ya rubuta wasansa Mutter Courage a 1939, Yaƙin Duniya na Biyu na barkewa, aka fara nuna shi a Zurich a 1941.

Ran Lahadi na shiga kasuwar gwanjo na tarar da tsohon kwafin wasan. Yuro 15 aka ce. Ɗan 'yar kasuwa ne ni, na taya 6, na yi kamar zan tafi, muka daidaita a 9. Ina ta murna har dare, sai na buɗe fitowa ta uku. Mutter Courage, matar nan mai jan amalanken kaya, tana bin sojoji a Yaƙin Shekara Talatin, an kama ɗanta, an nemi 200 a sake shi, ita kuma ta tsaya tayi a 120 don kada jarinta ya karye. Kafin ta ce ta sallama an harbe shi. Aka kawo mata gawar ta ce ba ta san shi ba. Na karanta wurin nan sau ba adadi, amma ban taɓa karanta shi da ɗanɗanon ciniki a bakina ba.

Brecht ya ji haushi da 'yan kallon Zurich suka tausaya mata, har ya gyara rubutun. So yake a yi tunani, a ga mai cin abinci da yaƙi. A gaban gidan wasan Berliner Ensemble, kusa da mutum-mutuminsa, tashe ne ya faɗo min: yaro da gemun auduga, kowa ya san yaro ne, amma tsohon da ake nufi ya ji a jikinsa. Irin wannan Brecht yake so, mai kallo ya san wasa ne, ya yi tunani. Turawa littattafai suka cika a kan wannan.

Augsburg, inda aka haife shi a 1898, wuni ɗaya na yi, ruwa bai ɗauke ba. Kofin shayi ya kusa kuɗin buhun gawayi. Takardar tarar tana cikin littafin, da ita nake alamar shafi.