Keken ya daina komawa baya, alhamdulillahi

'Yan uwa masu koyo, jiya bayan la'asar na yi ɗinkin gefen zani tun daga farko har ƙarshe, wili bai juya baya ko sau ɗaya ba. Wallahi sai da na tashi na kira Inna ta zo ta gani.

Sati uku ke nan ina fama. Keken ɗinki ne na ƙafa, Butterfly, na yayata da ta bar min da aka kai ta Daura. Da na fara takawa sai ya tafi lafiya lau, can sai in ji ya tsaya cak, ya dawo baya, zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu. Allura huɗu na karya. Wadda ta fi ƙona min rai ita ce atamfar matar yayana, wajen farke cukurkuɗin na huda ta da reza, sai da na biya rabin kuɗinta. Na kira mai gyara daga wajen Ƙofar Marusa, ya buɗe, ya zuba mai, ya ce keke lafiyarsa ƙalau, ya karɓi 3,000 ya tafi. A ranar na yi kuka.

Ashe gaskiya ya faɗa, laifin ƙafata ne. Da yatsu kaɗai nake dannawa, diddige na zaune ba ta aikin komai. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin teburin ina motsa matakin da hannu, sai na ga yadda abin yake. Sandar nan da ta haɗa mataki da babban wili, ita ke mayar da kai da komon ƙafa ya zama juyi. Akwai wuri biyu, can sama da can ƙasa, inda sandar ke miƙewa sak, ko ka danna ba ta tura wilin ko'ina. Saurin da wilin ya riga ya ɗauko ne ke tsallakar da shi. Idan ya iso wurin a gajiye, sai ya koma ta inda ya fito. Ni kuma rabin tafiyar kawai nake ba shi ƙarfi, ina kaiwa ba na komowa.

Shi ma ƙarfen da ke riƙe da gidan bobin, wato ɗan abin da zaren ƙasa ke naɗe a jikinsa, ba zagayawa yake ba, zuwa yake yana dawowa. Yana cafke zaren sama daidai lokacin da allura ta fara tasowa, ya zagaya da shi bayan bobin. Wili na juyawa baya a tsakiyar wannan, shi ke nan zare ya maƙale.

Inna da ta ji bayanina sai ta ce, "Ke ba ki taɓa niƙa a dutse ba ne. Wa ya ce miki turawa kaɗai ke niƙa gero?" Ta zauna ta gyara min ƙafafu, dama a gaba, hagu a baya, ɗaya na danna gaban mataki, ɗaya na danna bayansa. Na zare allura da zare, na yi kwana biyu ina taka keke haka nan, a hankali, ina ƙirgawa. Kullum da hannun dama nake fara jawo ƙaramin wili zuwa wajena, sai ƙafa ta karɓa. Bel ɗin da ya haɗa babban wili da ƙarami ma ya saki, na yanke kamar faɗin yatsa na sake ƙulla shi da wayarsa.

Abin da ya rage min shi ne shan kwana. In na rage gudu zan juya yadi a wuyan riga, har yanzu gabana faɗuwa yake, ina riƙe wili da hannu. Rigar ƙanwata ta Islamiyya na yanka yau da safe, a kanta zan gwada.