Kafin ka jefar da tsinkakkiyar sarƙar kekenka, duba ta da kyau

Idan sarƙar keken hawa dutse ta tsinke, abin da yawancinmu muke yi shi ne mu kai wa mai gyara ya cire gaɓar da ta lalace ya haɗa sauran, ko kuma mu sayi sabuwa mu jefar da tsohuwar. A ganina akwai gaggawa a nan, domin sarƙa ba kasafai take lalacewa haka kawai ba. Galibi wani sashe na keken ne, ko wata ɗabi'a ta mahayin, yake jawo mata matsalar, kuma shaidar tana nan a jikin ƙarfen ga duk wanda ya wanke ta da kalanzir ya shimfiɗa ta a wuri mai haske.

Da awo ake farawa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, wato milimita 12.7, saboda haka idan ka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, ya kamata wata ƙusar ta zauna daidai a kan layin inci 12. Idan ta wuce layin da kusan milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta ƙaru da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma a nan ne ake sauya ta keke mai giya 11 ko 12 a baya. Mai giya 10 ko ƙasa da haka ana iya jinkirta mata har ta ƙaru da kashi 0.75 cikin ɗari. Idan kuwa ratar ta kai milimita uku, to da wuya a ce haƙoran firiwil, wato farantan giya na ƙafar baya, sun tsira. Ba ƙarfen ne yake miƙewa ba. Ƙusoshin da ramukan da suke juyawa a ciki ne suke cinyewa kaɗan-kaɗan, sai ratar kowace gaɓa ta taru ta zama tsawo.

Abin da yake cin su kuwa shi ne ƙura da ta haɗu da mai. Baƙin mai da ake tsiyayowa daga injin babur a zuba wa sarƙa yana da arha, amma ya riga ya ɗauko dattin inji, ga shi da kama ƙasa, musamman a lokacin hunturu. Sakamakon shi ne wani baƙin kwaɓi mai aiki irin na toka da yashi a gindin tukunya. Murza sarƙar tsakanin yatsunka biyu kusa da kunne. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga ciki. Wanda ya ga jar tsatsa a tsakanin gaɓoɓi kuma, sai ya tuna ko yana kai keken wurin wankin mota, inda ruwa mai ƙarfi yake kore man da ke ciki ya bar laima a madadinsa.

Tsinkewa ita ce ta fi ba da labari. Ɗauki gaɓar da ta buɗe ka duba falankin ƙarfenta na waje. Idan ya lanƙwashe ya zame daga kan ƙusa, alhali sauran sarƙar ba ta ci ba, abu biyu nake zargi. Na farko sauya giya a tsakiyar hawa, mutum yana tsaye a kan feda da dukkan nauyinsa, lokacin da sarƙar take karkace tsakanin faranti biyu, haƙori yana tura gefenta. Sassauta ƙafa na ɗan lokaci yayin sauyawa ya isa magani. Na biyu, wanda na fi yawan gani, shi ne wurin da aka taɓa haɗawa. Guduma da ƙusa sun wadatar a kan kauri irin na sarƙar keken Phoenix ko Raleigh mai giya ɗaya, kuma masu gyaranmu sun gwanance a wannan. Amma sarƙa mai giya 8 faɗinta wajen milimita 7 ne, mai giya 12 kuma ta ɗan wuce milimita 5 kawai, kan ƙusoshinta a dakace yake daidai da falankin. Da zarar an fitar da irin wannan ƙusa ramin ya buɗe, idan aka mayar da ita ba za ta sake kamawa kamar da ba. Shi ya sa Shimano yake da ƙusar haɗi ta musamman, SRAM da KMC kuma suke da gaɓar haɗi mai maƙalewa, wadda dole ta dace da yawan giyar keken.

Sarƙar da ta murɗe, wato wadda ba ta kwanta sambal idan an shimfiɗa ta, ta maƙale ne a wani wuri an kuma ci gaba da taka feda. Tsuguna a bayan keken ka dubi na'urar sauya giya: ƙananan tayoyinta biyu ya kamata su sauko a miƙe a ƙarƙashin farantin da sarƙar take kai. Idan sun karkata ciki, ɗan ƙarfen da ke riƙe da na'urar ya lanƙwashe, abin da faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama kan jawo. Da gangan aka yi shi da taushi don ya kare firam. Sabon karce a kan wayoyin ƙafar baya, dab da babban faranti, yana nuna sarƙar ta taɓa faɗawa can, sai a duba sukurun da aka rubuta wa L a jikin na'urar sauya giya, wanda yake hana sarƙar wuce babban faranti. Idan karcen a kan firam yake, kusa da farantin gaba, to haƙoran farantin ne suka cinye suka yi ƙugiya, suna riƙe sarƙar maimakon su sake ta, su ja ta sama ta cushe. Laka tana ƙara tsananta wannan.

Tsallen sarƙa ma yana da lissafi, kuma kunne ya isa a gane shi. Idan yana zuwa sau ɗaya a kowane zagayen feda, a wuri guda, nemi haƙorin gaba da dutse ya buge. Idan sai bayan zagaye uku ko huɗu yake dawowa, gaɓa ce ta ƙage, domin kusan tsawon lokacin ke nan da sarƙa take ɗauka ta kewayo. Juya feda baya a hankali za ka ga inda take ƙin lanƙwasa a kan ƙananan tayoyin. Idan kuma sabuwar sarƙa ce take zamewa a giya ɗaya ko biyu da ka fi amfani da su, ita ba ta da laifi, tsohuwar ce ta riga ta ci haƙoran.

Masu keke mai shok a baya suna da ƙarin abin lura. A yawancin irin waɗannan kekuna, idan shok ya nutse, nisan da ke tsakanin feda da ƙafar baya yana ƙaruwa. Sarƙar da aka rage wa gaɓa biyu bayan tsinkewa tana iya yin daidai a tsakar gida, amma a babban faranti, da an dira daga kan dutse, sai ta tsinke ko ta fizge na'urar giyar gaba ɗaya. A gwada tsawonta ne bayan an sace iskar shok an danne keken har ƙasa, sarƙar tana kan babban farantin baya.