Girman 'yar fari a gidan alkunya

Ni 'yar fari ce a ɗakinmu, don haka Umma ba ta kama sunana. "Ke, zo nan" ne kirana, ko ta aiki ƙanwata ta ce, "Kira min yarinyar can." Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, kara ce, haka ta tarar iyayenta na yi. Sai dai wadda ba ta iya faɗin sunanki, ta yaya za ta zaunar da ke ta yi miki zancen jikinki?

Ina aji 1 na ƙaramar sakandare a Kano na fara ƙirgar dangi. Babu wanda ya ce min uffan. Kawai na ga an ɗinko min hijabi har ƙasa, aka kuma fara yanke min abubuwa ɗaya bayan ɗaya: ba fita gaɗa bayan isha'i, ba carafke a ƙofar gida, ba dariya da ƙarfi idan abokan yayyena suna zaure. Da azumi ya kai kwana 10, ƙawayena suka zo mu tafi tashen Samodara, Umma ta ce daga cikin ɗaki, "Ta girma." Wannan ya fi komai yi min ciwo, don ni a raina ban girma ba. Jikina ne ya yi gaba ya bar ni, mutanen gida kuma suka bi shi.

A cikin azumin nan jinin ya zo. Na ɗauka wata cuta ce ta kama ni, na shige banɗaki na yi kuka har na gode Allah. Kakata ce ta lura da yadda nake raɓe-raɓe. Ta ce, "Kishiya, zo nan, yau kin zama abokiyar gabata ta gaske." Ta yago tsohon zane ta nuna min yadda ake ƙunzugu, sannan ta ɗora da gargaɗin da kusan kowace yarinya ta ji: ko hannunki namiji ya riƙe, ciki ne. Na yarda ɗari bisa ɗari. Canji ma sai mai kanti ya ajiye a kan tebur nake ɗauka. Ina tashi sahur, ina alwalar ƙarya, yunwa na cina da rana, duk don kada yayyena maza su gane.

Islamiyya ce ta kwance min ƙullin. Malamarmu ta kai mu babin haila a Ahalari, ta karanta tana fassarawa ba tare da ta sunkuyar da kai ba: mai farawa iyakarta kwana 15, azumi ana ramawa, salla ba a ramawa, ga yadda ake gane tsarki, ga yadda ake wanka. Har yau abin na ba ni mamaki, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 ya rubuta a fili abin da iyayenmu mata ke jin nauyin furtawa. Ranar na koma gida na ci abincina da rana a ɗakin kakata, raina a kwance.

Zance kuwa da wuri ya fara. Yaro ya leƙo ya ce ana sallama da ni, gabana ya faɗi, amma can ƙasan zuciyata na ji daɗi, wai har an gan ni. Ba a gaya mana cewa tsoro da jin daɗi suna iya zama wuri ɗaya. Bayan aji 3 aminiyata ta yi aure. Na yi anko, na sha lalle, na raka ta ɗakinta, na dawo na rasa wadda zan gaya wa cewa ni kaina ban san ko tausayinta nake ji ko kishinta ba.

Da ƙanwata ta kai shekara 11 ban jira kowa ba. Na sayo audugar mata, na ja ta ɗaki na rufe ƙofa. Na gaya mata ciwon mara na iya zuwa, haushin babu dalili ma haka, kuma riƙe hannu ba ya sa ciki, sai dai tana da ikon hana kowa taɓa ta. Ta yi shiru can ta ce, "Yaya, da gaske idan na sha zaƙi jinin ƙaruwa yake?" Na ce ta ci gaba da shan alawarta, ta dai riƙa rubuta ranar da ya zo a bayan littafinta, saboda lissafin salla da ramuwa.