Sheƙar tsuntsu, tanar roba da kifin da na mayar ruwa

Asabar, bayan sallar isha'i.

Babban yatsana na hagu har yanzu kamar an goge shi da samfefa. Kifi ne ya yi mini wannan aika-aika, kuma ko kaɗan ban ji haushi ba. Bari in rubuta tun barci bai kwashe ni ba.

Shekarata uku ke nan a Dalas, amma sai yau na jefa ƙugiya a ruwan Amurka. Abin kunya ne ga ɗan Yawuri. Mu ba Sarkawa ba ne, amma duk yaron da ya tashi a bakin Kwara ya san fatsa: sandar gora, zaren nailan, guntun silifa a matsayin abin da zai yi yawo a saman ruwa, sai tana da muke tonowa a bayan makewayi. Da wannan muke ɗebo karfasa da ƙurungu, wata rana har tarwaɗa. Ban taɓa sanin akwai ranar da zan tsaya ina tambayar wani yadda ake sayen sandar kamun kifi ba.

Yarona mai shekara tara ne ya matsa mini. Wata biyu yana kallon masu kamun kifin bas a YouTube, yau dai na ce to, shirya mu je.

Da muka shiga kantin kayan kamun kifi sai na tsaya turus. Sanduna a jere tsaye kamar gonar dawa ta isa yanka. Wani saurayi mai aiki a wurin ya zo, bai tambaye ni nawa ne a aljihuna ba, tambaya uku ya yi: daga gaɓa za ku jefa ko daga jirgi, ruwan yana da ciyawa da kututture ko fili ne, kuma kun taɓa yi? Na ce daga gaɓa ne, ruwan ban san shi ba, amma kamun kifi kam tun ina yaro. Wannan amsa ta ƙarshe ita ta ja mini.

Ya nuna mini rubutun da ke jikin sanda, sama kaɗan da mariƙi. Ashe komai a rubuce yake. Akwai tsawo, yawanci ƙafa 6 da rabi zuwa 7 ga mai neman bas. Akwai ƙarfin sanda, daga mai laushi zuwa mai tauri. Akwai kuma inda take lanƙwasa in an ja ta: wata kanta kawai ke rusunawa, wata har tsakiyarta. Mai rusuna kai ita ce ke saurin soka ƙugiya ɗaya a bakin kifi, mai lanƙwasa har tsakiya ta fi dacewa da kifin roba mai ƙananan ƙugiyoyi uku-uku, don ba ta yage su daga baki in kifi ya yi fizga. Sai nauyin zaren da za ta ɗauka da nauyin abin da za a jefa. Wadda na ɗaga, ta garafayit, wani abu marar nauyi da ake ƙera sanduna da shi, ba ta kai ludayi nauyi ba. Ya ce in ɗora kanta a maƙogwaronsa, ya yi magana, na ji muryarsa tana kaɗawa a tafin hannuna. Wannan dabarar ciniki ce, na sani, amma ta kama ni.

Rigimar a kan abin naɗe zare aka yi, wanda suke kira ril. Iri biyu ne. Akwai sifinin, mai rataya a ƙarƙashin sanda: kwarkwaronsa ba ya juyawa lokacin jifa, zare ne kawai ke warwarowa daga bakinsa, don haka da wuya ya harɗe. Akwai betkasta, mai zama a saman sanda: shi kwarkwaron kansa ne ke juyawa, kai kuma babban yatsanka ne birki. Saurayin ya ce mu ɗauki sifinin guda biyu, lamba 2500, da sanda ƙafa 7 mai matsakaicin ƙarfi, mu tafi. Ni kuwa idona na kan betkasta, don shi na ga manya na riƙewa a bidiyo. A jikinsa an rubuta 7.1:1, wato in ka juya hannu sau ɗaya kwarkwaro ya juya sau bakwai da ɗoriya. Ya ce zai ba ni wahala. Na ce a raina, yaro, kafin a haife ka nake fatsa. Na saya wa yaro sifinin, ni na ɗauki betkasta.

A wajen zare na daɗe, don nan ne na ji na ƙaru da gaske. Mu zare ɗaya muka sani, nailan. Yana nan, shi ne mafi araha, yana miƙewa kamar roba in an ja, ba ya saurin nutsewa, kuma yana yafe wa ɗan koyo kurakurai. Na biyu fulorokabon, yana nutsewa, kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa mai haske, ga juriyar gogar dutse da itace, amma yana da taurin kai wajen naɗi da ƙulli. Na uku kitsattsen zare, an yi shi da siraran zaruruwa an kitse kamar igiyar guga. Siriri ne ƙwarai, ba ya miƙewa ko kaɗan, shi ake sa wa in za a fizgo kifi daga cikin ciyawa mai kauri. Aibinsa, a ruwa mai haske yana fitowa fili, shi ya sa wasu ke ɗaura masa guntun fulorokabon a baki. Ƙarfin zare da fam ake auna shi, wato ma'aunin nauyi na Amurka. Na sa wa yaro nailan fam 10, ni fulorokabon fam 15.

Bangon abincin yaudara kuwa, wannan sai wanda ya gani. Kifin roba mai leɓe wanda leɓen ke sa shi nutsewa yana rawa in ana ja. Mai cokula biyu masu walƙiya a jikin waya. Kwaɗon roba na jefawa kan ganyen bado. Ƙaguwar roba, ƙadangaren roba, tana kala-kala, wata ma da gishiri a jikinta, wata da warin tafarnuwa. Na tabbata rabin abin da ke bangon nan ba kifi aka yi don kamawa ba, mai saye aka yi don kamawa. Saurayin, Allah ya saka masa, ya ce kada in yi ɓarna: fakiti biyu na tanar roba, ƙugiya lamba 3/0, dalma mai siffar harsashi, da mai cokali guda ɗaya. A nan kam na ji maganarsa.

Da azahar na kira Baba kafin ya kwanta, tunda sun riga mu da awa shida. Na ce masa za mu je kamun bas. Ya ce, “Bas kuma? Ta haya?” Da na yi masa bayani, na nuna masa tanar roba a waya, ya yi dariya har da tari. “To kai, ƙasar tasu ba ta da tana ne?” Kuɗin da na kashe ban faɗa masa ba. Da na faɗa, da ya lissafa mini buhun shinkafa nawa ke nan.

Bayan la'asar muka isa Cedar Hill, gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha a bakin tafkin Joe Pool. Na zaɓe shi ne don a Texas in kana cikin irin wannan gandu kana jifa daga gaɓa, ba sai da lasin kamun kifi ba, kuɗin shiga kawai za ka biya.

Jifa ta farko na yi da ƙarfi, iska kuma tana busowa ta fuskata. Na ji wani “firrr”, dalma ta faɗi taku biyar a gabana. Na duba ril, zare ya tashi ya cukurkuɗe ya yi tsiri. Masu fatsa na nan sheƙar tsuntsu suke ce masa, kuma sunan ya dace. Abin da ya faru shi ne iska ta rage wa dalma gudu, kwarkwaro kuwa bai san an yi ba, ya ci gaba da aman zare, yatsan da ya kamata ya taka masa birki yana can yana kallo. Minti ashirin ina tsintar zare da farce. Na warware, na sake jifa, ta biyu ta fi ta farko muni. Yarona yana gefe yana ta jifarsa lafiya lau, yana satar kallona. Bai ce komai ba, ya dai san tarbiyya.

Wani dattijo Bature da ke zaune kan bokiti kusa da mu ya taso. Ya karɓa ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan sai almakashi. Ya nuna mini ɗan maɓallin da ke gefen hannu: a ɗaure shi har sai dalma ta riƙa sauka a hankali in an sake ta, kwarkwaro kuma ya tsaya cak da zarar ta taɓa ƙasa. Ya ce in je in yi sati biyu ina jifa a bayan gida, in sa bokiti a gaba, kafin in sake kawo shi bakin ruwa. Sannan ya ce wa yaron ya ara wa babansa sanda.

Shi ya koya mini ɗaurin da ake kira na Texas. Ka zura dalma a zare, ka ƙulla ƙugiya, ka soka ta a kan tanar ka fito da ita, ka juya, sannan ka binne tsinin a cikin jikin tanar. Da haka za ta ratsa ciyawa da rassa ba ta maƙale ba. Ya zaɓi mai kalar miyar kuka, ya ce a ruwa irin wannan ba a wuce ta. Ya ce tanar roba wani Nick Creme ne ya fara yin ta a Ohio a 1949, daga baya kamfaninsa ya koma Tyler, nan gabas da mu. Ya nuna mini wani itace da ya faɗa ruwa. Bas ɗan kwanton ɓauna ne, in ji shi, ba ya yawon banza a fili, yana laɓe a inuwar kututture ko bakin ciyawa yana jiran abin da zai gifta. A wannan lokaci na Afrilu kuma suna kusa da gaɓa saboda ƙwai.

Na jefa gefen itacen. Na bar ta ta nutse, na ɗaga sanda kaɗan, na sauke, na naɗe, kamar yadda ya ce. Ba abin da ke yawo a saman ruwa da zan zuba wa ido irin na Yawuri, komai a hannu ake ji. Jifa ta shida ko ta bakwai na ji “tik”, kamar an ƙwanƙwasa sandar da farce. Sai na ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Dattijon ya ce naɗe sako-sakon, sannan ka fizga. Na fizga. Sanda ta rusuna, ril ya yi ƙara, kifin ya yi tsalle ya fito ruwa gaba ɗaya, baki a wangame yana girgiza kai. Na manta da shekaruna, ihu na yi.

Ta leɓen ƙasa ake kama shi, babban yatsa a cikin baki, ƙananan haƙoransa su ne suka goge mini fata. Kore ne mai duhu, da baƙin zane a gefe, bakin zai haɗiye dunƙulen hannun yarona. Dattijon ya auna: inci 16. Ya ce mafi girma da aka taɓa kamawa a Texas fam 18.18 ne, a tafkin Fork, a 1992. Na lissafa, kilo 8 da ɗan kai. Na so in gaya masa giwan ruwan da ke cin gasar Argungu yakan haura kilo 50, amma na ga yadda yake faɗin lambar cikin girmamawa, na yi shiru.

Ina cikin tunanin farfesu ya ce, “To, mai da shi.” Na ɗauka wasa yake. Ya ce yawancin masu neman bas haka suke yi, tun da Ray Scott, wani mai shirya gasar kamun bas, ya shigo da sakin kifi cikin gasanninsa a 1972, kuma a Fork ma doka ce, duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24 dole ya koma ruwa. Yaro ya ce, “Abba, ai sandata ce, kifina ne, ni na yarda a sake shi.” Na durƙusa na sa shi a ruwa, ina riƙe da leɓen. Ya ɗan tsaya yana buɗe kunnuwa, ya kaɗa wutsiya ya watsa mini ruwa a fuska, ya tafi.

Mun iso gida uwargida ta yanka albasa da attaruhu tana jira. Ta dubi hannuna, ta dubi ledar kanti. “Ina kifin?” Yaro ya miƙa mata waya. Ta kalli hoton, ta ce Allah ya kyauta, ta fasa ƙwai.

Na tura hoton a zauren gidanmu na WhatsApp, ban rubuta komai a ƙasa ba. Can yanzu ƙarfe uku na dare ya wuce, sai da asuba Baba zai gani, kuma na san tambayar farko ita ce yaya daɗinsa. Betkasta yana nan kan tebur da sheƙarsa, almakashi na gefe. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi bokiti.